Wata shida da sabuwar fitilar LED a kan tankin murjanina

Murjani halitta ce mai rai, kuma a cikin jikinsa akwai ƙananan gansakuka da ake kira zooxanthellae, su ne ke amfani da haske su samar masa da yawancin abincinsa. Saboda haka na daɗe ina nazari kafin na canza fitilar tankina mai lita 200. A ƙarƙashin tsohuwar, murjanina nau'in Montipora ya koma ruwan ƙasa, kullum na dube shi sai raina ya ɓaci.

Sabuwar fitilar tana da ƙarfi sosai, kuma a nan na yi kuskure. Na buɗe ta gaba ɗaya tun ranar farko, cikin kwana biyar sai reshe ɗaya na Acropora, wani nau'in murjani mai rassa, ya fara koɗewa yana yin fari, alamar ya kori gansakukan jikinsa saboda haske ya yi masa yawa. Hankalina ya tashi matuƙa. Na mayar da ita kashi 40 cikin ɗari, na kunna tsarin da ke ƙara haske kaɗan-kaɗan har mako shida. Wannan tsari shi ne abin da na fi yaba wa a fitilar nan. Reshen ya farfaɗo. Zuwa wata na uku Montipora ya dawo ja, gefensa yana fitar da farin baki na sabon tsiro, Zoanthus kuwa, wani nau'i mai laushi, idan shuɗin haske ya sauka a kansu da yamma sai kore da ruwan lemo su riƙa walƙiya. Nakan zauna in yi ta kallo.

Akwai abin da bai yi min ba. Manhajar waya da ake sarrafa fitilar da ita takan yanke, sai na sake haɗa ta, kuma da yake hasken daga wuri ɗaya yake fitowa, ƙasan rassan Acropora yana zama cikin inuwa.

Kada mai saye ya ɗauka fitila ce kaɗai ke yin komai. Launin murjanin bai zauna ba sai da na daidaita ruwan tankin: alkaliniti (ƙarfin ruwa na jure tsami) a 8 bisa ma'aunin dKH, kalsiyam kusan miligiram 420 a kowace lita, nauyin ruwan gishiri 1.026 na ruwa zalla, zafi digiri 25 na Salsiyas. Wanda zai iya aron na'urar auna PAR, wato yawan hasken da gansakukan ke iya amfani da shi, ya auna kafin ya jera murjaninsa: Acropora a sama, masu laushi a ƙasa. Idan tankin ya fi nawa tsawo, fitila biyu zai buƙata.