Rufin alminiyam mai tsawo bayan damina 2: abin da na gani, da inda kuɗina ya tafi

Gidanmu na gado ne a Kano, ɗaki 3 da falo da kicin, kuma kwanon da ke kansa tun na zamanin mahaifinmu ne. Kowace shekara sai an liƙe da kwalta, an ƙara ƙusa, an ɗora bulo a kusurwar da iska ke ɗagawa. A daminar 2023 abin ya kai maƙura. Ruwan Agusta ya sa muka jera bokiti 4 a ɗakin Hajiya, silin ya kumbura ya yi baƙi. Ita ko ƙala ba ta ce ba, sai dai ta ja katifarta gefe. Shirun nan nata ne ya sa na ƙudura cewa rani na shiga za a yaye rufin gaba ɗaya.

Na yi ta kai-kawo tsakanin kwano na yau da kullum, wanda ake sayarwa bandir-bandir, falle 20 a bandir, da alminiyam mai tsawo da ake yanka wa mutum daidai tsawon rufinsa. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba. Abin da ya ja ni gare shi abu biyu ne: ba ya tsatsa irin ta kwano, kuma falle ɗaya ke sauka daga tozon rufi har baki, babu haɗi a tsakiya. Yoyon gidanmu kuwa kusan duk daga wajen haɗi da ramin ƙusa yake.

Wanda zai saya ya kula da kauri. Za a ce maka akwai mai kaurin milimita 0.45, akwai 0.55, kowanne da farashinsa a kan murabba'in mita, amma ido ba ya bambance su. Wani abokina da ke aikin gini ya raka ni da ɗan ma'aunin kaurin ƙarfe a aljihunsa. A wuri na farko, abin da aka kira 0.55 bai kai ba da muka auna, muka yi sallama muka fita. A na biyu, mai wurin da kansa ya ce, "Alhaji, auna kafin a yanka, in an yanka ya zama naka." A nan na saya.

Lissafina na farko dai kuskure ne, kuma a nan nake so in daɗe. Na rubuta alminiyam, ƙusa, kuɗin aiki, na ja layi. Kafintan ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya ce rabin tsohon katakon rufin zai moru. Na yarda, don abin da nake so in ji ke nan. Ranar da aka yaye kwanon, ya kira ni a waya: "Yallabai, ka zo ka gani da idonka." Gara ta cinye cikin katakon ta bar ɓawo, yatsa ma shiga yake. Abin da ya tsira bai fi a ƙirga da hannu ba. Gida a buɗe, iyali a ciki, babu zancen a jira. Haka na nufi 'Yan Katako a Na'ibawa na sayi katako tubaifo da tubaitu na rufi guda cur, da Solignum, maganin gara, da za a shafe su da shi, da langa-langa na ɗaure katako a jikin bango, ga kuɗin mota da na masu lodi. Silin ɗaki 2 ma sai da aka sake, kuma tunda an buɗe sai ga wayoyin wuta sun tsufa. Har yau ina ganin laifin kafintan a nan. Da ya cire falle ɗaya na silin ya leƙa da tocila, da minti 10 ta ishe shi ya faɗa min gaskiya, ni kuma da na ɗaga aikin wata guda na shirya.

Lokacin ma bai taimaka ba. A watan Fabrairun 2024 aka yi aikin, daidai sanda dala ta haura naira 1,500, ga tsadar sufuri tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Farashin da aka faɗa maka ranar Litinin ba shi za ka tarar ranar Alhamis ba. A ƙarshe na kashe abin da ya ɗara lissafina da kusan kashi 1 cikin 3. Kwasar adashina da kuɗin tsohon kwanon da na sayar wa 'yan gwangwan ne suka rufa min asiri. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne raba kuɗin aiki gida 3: kafin alƙalami, sai bayan an gama katako, ciko kuma sai da na hau na duba.

A wajen aikin hannu ba zan tauye wa kafintan haƙƙi ba. Layinsa ya miƙe, ya matso da tazarar katako, ya ɗaure kowace kusurwa. Iskar farkon damina da ke yaye rufin mutane ta zo sau 2 ta wuce, rufin ko motsi bai yi ba. Ɗigo ɗaya bai sauka a ɗakin Hajiya ba, kuma kalarsa na nan yadda take.

Inda alminiyam ɗin bai gamsar da ni ba shi ne laushi. Mai saka mana sola ya taka tsakanin katako biyu, wurin ya lotsa, har yanzu ana hango shi daga titi. Duk wanda zai hau yanzu sai na tsaya a kansa ya bi layin ƙusa. Ƙarar ruwa ma tana nan, kuma zafin Afrilu bai ragu yadda masu sayarwa suka kwaɗaita min ba. A falo, inda silin ke da tsayi, an ɗan ji sauƙi, a ɗakuna kuwa da sauran aiki.

Da za a sake, alminiyam ɗin zan ƙara saya, 0.55 ɗin nan dai. Ƙanena zai yi nasa rufin bana, na riga na ce masa kada ya rubuta ko sisi a takarda sai an buɗe silin mun leƙa tare.