Kofin Duniya na 2026 daga Maradi: batir, dekoda ko tele, wanne za ka fara saye?

Duk mai shirin kashe kuɗi saboda Kofin Duniya na 2026, kafin ya nufi Babbar Kasuwa ya fara duba agogo. A Amurka, Kanada da Meziko za a yi gasar, daga 11 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli 2026, kuma lokacin da rana ke tsaka a can, mu nan la'asar ta yi nisa ko dare ya shiga. Ƙasashe 48 ne maimakon 32 da aka saba, wasa 104 a birane 16, cikin kwana 39. Ga shi ta faɗo farkon damina, bayan ragon layya ya riga ya taɓa aljihu. Don haka a ganina babbar tele ita ce ta ƙarshe a jerin sayayya, ko da yake ita ce ido ke fara kai wa.

Biranen gabashin Amurka, wato New York da New Jersey, Boston, Philadelphia, Atlanta da Miami, har da Toronto ta Kanada, muna gabansu da awa 5. Dallas, Houston da Kansas City, awa 6. Biranen Meziko uku, babban birnin da Guadalajara da Monterrey, awa 7. Na bakin tekun yamma kuwa, Los Angeles, San Francisco, Seattle da Vancouver, awa 8 cur. Wasan da aka sa ƙarfe shida na yamma a Los Angeles, ƙarfe biyu na dare ne a unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo na Maradi. Wasanni mafi wuri za su fara ƙarfe 5 na yamma agogonmu, mafi latti kuma wajen 5 na asuba, daidai lokacin da ladan ke kiran salla.

Sa'ar da muka yi, manyan wasanni da yawa an ajiye su a lokacin da Turai ke farke, kuma agogonmu bai yi nisa da nasu ba. Wasan buɗewa tsakanin Meziko da Afirka ta Kudu a filin Azteca, wanda ya ga wasan ƙarshe na 1970 da na 1986, ƙarfe 8 na dare ne. Faransa da Senegal ranar 16 ga Yuni a filin MetLife na New Jersey, shi ma ƙarfe 8, kuma wanda ya kalli na 2002 da Papa Bouba Diop ya ci Faransa bai bukatar a tuna masa ya zauna. Ingila da Ghana a Boston ranar 23 ga wata, ƙarfe 9. Brazil da Maroko ranar 13, ƙarfe 11 na dare. Amma Ajantina da Aljeriya a Kansas City ƙarfe 2 na dare ne. Wasan ƙarshe a MetLife ƙarfe 8. Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, dai ba ta je ba, ta ƙare ta biyu a rukuninta bayan Maroko, Najeriya kuma Kwango-Kinshasa ta fitar da ita da bugun fenareti a Rabat cikin Nuwamba 2025. Saboda haka yawancinmu ƙasashen Afirka da suka samu gurbi kai tsaye za mu bi: Maroko, Senegal, Kwaddibuwa, Ghana, Masar, Aljeriya, Tunisiya, Afirka ta Kudu da Kap Ver, wadda wannan ne zuwanta na farko.

Zuwa filin da ƙafa ba sai an daɗe a kansa ba. Tun watan Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofar biza, kuma wasa 78 cikin 104 a Amurkar za a buga su.

To, wuta. A nan ne ya kamata mafi yawan kuɗinka su tafi. Kowa ya san yadda take a watan Yuni: zafi bai gama sauka ba, kowane gida fanka na juyawa, hadari na tasowa da iska, sai ka ji unguwa ta yi ɗif. Zaɓi biyu ne a gabanka, janareta ko batir da pano, wato faifan da ke samar da wuta daga hasken rana.

Ƙaramin janareta, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, shi ne mai sauƙin kuɗi ranar saye. Yana ɗaukar tele, dekoda, fanka biyu da ƙwai ba tare da ya yi nishi ba, kuma ba ruwansa da ko rana ta fito jiya. Illarsa uku. Kullum sai ka zuba masa mai, kuma idan kana kallon wasa biyu a dare, cikin kwana 39 kuɗin man na iya kamo kuɗin injin. Ƙararsa ƙarfe biyu na dare za ta haɗa ka da maƙwabci wanda zai tashi da asuba ya tafi gona. Wutarsa kuma hawa da sauka take, sababbin tele ba su jure wannan, sai ka haɗa da na'urar daidaita wuta. Akwai ta huɗu wadda ta fi sauran: idan ruwa ya sauko mutane kan jawo shi cikin zaure ko ɗaki, hayaƙinsa kuwa kisa yake yi ba tare da an ji warin mutuwa ba. Idan ba ka da rumfa a waje inda iska ke ratsawa, ka haƙura da shi.

Batir ya fi tsada da farko, amma ga kallon dare shi na fi ba mutum shawara. Lissafinsa ba wuya. Batir mai 12 V da 100 Ah yana riƙe da kimanin wat 1,200 na awa guda. Idan na ruwa ne ko na jel, rabinsa kawai ya kamata ka ci in kana son ya yi ƙarko, wato 600. Tele mai inci 32 ta zamani tana cin wat 40 zuwa 50, dekoda kamar 15. Ka cire abin da injin juya wuta, mai mayar da wutar batir irin ta gari, ke sha, za ka samu awa takwas ko kusa da haka, wasa uku ke nan har da hutun rabin lokaci. Da ka jona fankar tsaye, awannin sun ragu kusan rabi. Shi ya sa fanka mai aiki da 12 V ta fi dacewa. Ita ma tele akwai mai shan 12 V kai tsaye daga batir, wadda ke raba ka da injin juya wutar gaba ɗaya, ko da yake hotonta sau da yawa bai kai na manyan kamfanoni ba. Pano mai wat 150 zuwa 200 zai iya mayar da abin da ka ci cikin yini guda in rana ta buɗe. Ranar da gari ya wuni da lumshi ba zai cika ba, don haka mai wutar gari a gida ya haɗa da caja, duk lokacin da aka kawo ta batir ya sha.

Batirin litiyom ya fi duka, ana cin kusan duk abin da ke cikinsa kuma yana shekaru, sai dai kuɗinsa. Batirin mota kuwa, wanda wasu ke ɗaukowa daga gareji don araha, ba a yi shi don a tatse shi kowane dare ba. Zai kai ka zagayen farko, ya bar ka a na biyu. Kuma duk batirin da za ka saya, ɗaga shi ka ji nauyinsa. Na dalma mai 100 Ah na gaske yana da nauyin da mutum ɗaya zai ji a ƙugunsa, kilo 25 zuwa 30. Wanda ka ɗauka da hannu ɗaya kana murmushi, rubutun jikinsa ne kawai 100.

Sai dekoda. Tambayar da za ka yi wa mai shago ba "Alhaji, wannan yana nuna ƙwallo?" ba ce, domin kowanne yana nuna wata ƙwallo. Ka ce masa, "Wace tasha ce a ciki za ta nuna wasa 104 ɗin, lambarta nawa, kuma tana cikin wane abonma, wato ƙunshin tashoshin da ake biya duk wata?" Haƙƙin nuna Kofin Duniya daban yake da na gasar Ingila ko ta zakarun Turai. A 2022 kamfanin New World TV na Lome ne ya riƙe shi a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, SuperSport da ke kan DStv ta nuna wa masu Ingilishi, beIN ta Katar kuma ta nuna wa ƙasashen Larabawa. Mutum na iya zama da Canal+ ko StarTimes shekara da shekaru yana kallon ƙwallon Turai, ranar buɗe gasa ya tarar tashar da yake bukata a kulle take, ko tana cikin ƙunshin da ya fi nasa tsada. Ka sa a kunna maka tashar a gabanka.

Mu a Maradi kusancinmu da Jibiya da Katsina ya sa dekodar Najeriya ba baƙuwa ba ce. Amfaninta sharhi da Ingilishi ga mai so, da tashoshin wasa masu yawa. Wahalarta biya da naira ta hannun wani, kuma in ta lalace ko katin ya tsaya, babu ofishin da za ka je ka buga tebur. Ta ɓangaren Faransanci kuwa da sefa za ka biya, a nan cikin gari. Idan ba ka da amintaccen mutum a ƙetaren iyaka, zauna kan ta gida.

Wanda bai da halin abonma, tashoshin ƙasa sukan samu wani kaso na wasannin kyauta, galibi na buɗewa, na ƙasashen Afirka da na ƙarshe-ƙarshe. Ga magidancin da Senegal da Maroko kawai ke gabansa, wannan na iya isa. Ƙananan dekodojin nan kuwa da ake cewa suna buɗe kowace tasha da lamba ta intanet, araha ba ta ado. A wasan da ba kowa ke kallo ba sumul suke tafiya. Daren da duniya duka ta zauna, a nan hoto ke daskarewa, mai sayarwa kuma wayarsa a kashe.

Wani abu da mutane ke mantawa shi ne abonma na kwana 30 ne, gasa kuwa 39. In ka biya ranar 11 ga Yuni, zai yanke maka wajen 10 ga Yuli, tsakiyar wasannin kusa da na kusa da ƙarshe da za a yi daga 9 zuwa 11. Na kusa da ƙarshe a Dallas ranar 14 da Atlanta ranar 15, da na ƙarshen kansa, duk suna cikin wata na biyu. Kuɗin wata biyu za ka ware tun yanzu.

Faranti ma kada a raina shi. Ruwan sama mai ƙarfi yana tare saƙon tauraron ɗan Adam, kuma ƙaramin faranti mai santimita 60 shi ke fara ɗaukewa. Mai 90 ya fi juriya, bambancin kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. A kafa shi da ƙarfe da siminti, ba a ɗora shi kan kwano a danne da bulo ba, domin iskar farkon damina ba ta san da wasa ba. Da an fara tsawa, cire wayar faranti da ta wuta. Gara ka rasa minti ashirin da ka rasa tele da dekoda a dare ɗaya.

Waya fa? Ga wasan ƙarfe biyu ko huɗu na dare ta fi komai: ba ka ta da iyali ba, ba ka kunna komai ba, kuma a lokacin layi ya fi sakewa. Amma wasa ɗaya yana cin kusan jiga guda in ka rage kyan hoto, ya ninka biyu ko uku in ka buɗe shi. Ko Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, ƙunshin dare ya kamata ka tambaya, ka kuma gwada wane layi ya fi kamawa a ɗakinka, ba a bakin titi ba. Sannan hoton intanet yana zuwa a makare. Za ka ji ihun fadar bayan gidanku kafin ɗan wasan naka ya karɓi ƙwallon.

Tele kanta ba ta da dogon zance. Inci 32 ta ishi iyali, 43 ta ishi fada. Tsofaffin manyan nan masu kauri da ake kawowa na hannu, kyansu a ido ne, wutar da ɗaya ke ci ta ninka ta sabuwa sau uku ko fiye, batirinka ba zai kai ƙarshen wasa na biyu ba.

Matasan fada su ne suka fi kowa dacewa, domin karo-karo na mutum goma ya isa batir, pano da abonma na wata biyu, kuma bayan gasa kayan na nan don gasar Turai. Sai dai a tsayar tun farko a gidan wa za su kwana, kuma wa ke riƙe da kuɗin wata na biyu. Wanda wasa biyar ko shida kawai yake so, kada ya sayi komai, gidan kallo ya fi masa, musamman wasannin 8 da 9 na dare. Na tsakar dare ne ke da matsalar komowa gida, ga kuma yara masu jarrabawar BEPC da Bak da ke faɗowa a wannan tsakanin, waɗanda bai kamata mai gidan kallo ya bari su kwana kan benci ba.

Shi mai gidan kallon, janareta da batir duka yake bukata, da dekoda biyu. Daga 24 zuwa 27 ga Yuni, wasannin ƙarshe na kowane rukuni biyu-biyu ake buga su a lokaci guda, kuma tun da ƙasashe takwas daga cikin waɗanda suka zo na uku za su wuce zagaye na gaba, ba wasan da za a ce ba mai nemansa. Masu ɗaura faranti kuma a makon farko na Yuni ba a ganin su sai da roƙo, don haka a kira su tun cikin Mayu, a gwada komai da dare aƙalla sau ɗaya da wutar gari a kashe.