Kwandon sayayya a intanet: ta yaya za ku nuna wa wanda ba shi da akawun?

Da bikin ƙanwata ya matso, ni aka ɗora wa sayen kayan kicin, kuɗin gudummawa kuma yana hannun Gwaggo a Anguwar Rogo, Jos. Na shiga wani shagon intanet na cika kwando da blanda da kuloli da tukwane, na kwafi linkin na tura mata. Sai ga saƙon murya: "Ke 'yar nan, kwandon naki ai ko cokali babu."

Ba laifin wayarta ba ne. A yawancin shaguna kwando yana maƙale ne da akawun ɗinku, ko da burauzar wayar da kuka zaɓi kayan a ciki. Wata waya ta buɗe linkin, wayam za ta gani.

Hoton allo shi ne mafi sauƙi, amma farashi na sauyawa kafin gari ya waye, kuma ba a dannawa a ga bayanin kaya. Buɗe wa Gwaggo nata akawun? Kafin la'asar ta manta kalmar sirrin. Ba wa wani taku kalmar sirrin kuwa, alhali katinku na ajiye a ciki, kada ma ku fara.

Ni dai hanyata ɗaya. Shafin kowane kaya, a Jumia ne ko Konga, yana buɗewa ko mutum bai yi rajista ba. To sai in tura linkin kaya ɗai-ɗai ta WhatsApp, a ƙarƙashin kowanne in rubuta launi da girma da guda nawa da farashin ranar. Sunan mai sayarwa ma ina sawa, don waɗannan shaguna kasuwa ce: kula iri ɗaya 'yan kasuwa da yawa ke sayar da ita, kowa da farashinsa da ingancinsa. Gwaggo ta duba a nutse, ta ce wannan ta yi, waccan jar tukunyar a cire. Daga nan in yi oda da akawun ɗina, in sa lambarta da adireshinta, har da kwatance irin na Jos: bayan masallaci, gida mai koren ƙyaure. In akwai zaɓin biya bayan an kawo, shi nake ɗauka, sai dai kayan da ake turowa daga ƙasar waje galibi sai an biya tukuna. Yana cin lokaci, na yarda.

Inda na ƙone kuwa, hoton odar na sa a zauren danginmu na WhatsApp don a sa albarka, lambar oda da ta Gwaggo duk a fili. Washegari wani ya kira ta, wai shi ne mai kawo kaya, yana Terminus, mashin ya lalace, ta tura naira 4,500 ya ɗauki keke. Har blandar ya ambata. Ta tura. Shiru kake ji.

Kuɗin kawo kaya yana cikin lissafin oda tun farko, don haka duk mai neman a tura wani abu akawun ɗin kansa kafin ku ga kwali, ku kashe waya. Wanda ya ce ku karanto masa lambar OTP da banki ya turo, ko lambobi 3 na bayan kati, ko BVN mai lambobi 11, ɓarawo ne, komai daɗin bakinsa. Wanda ba shi da akawun a shagon shi suka fi so, don ba shi da inda zai duba ko da gaske kaya sun taso. Ga kuma shafukan jabu a Facebook masu ɗauke da tambarin shago, da linki wanda aka sauya wa harafi ɗaya tak. A watan Nuwamba, lokacin rangwamen Black Friday, kamar fara suke fitowa. Shi ya sa na gaya wa Gwaggo linkin da bai fito daga lambata ba kada ta taɓa, ko da daga zauren dangi ne.

Yanzu duk mai kawo kaya da ya kira ta, amsarta ɗaya ce: "Kira 'yata, ita ta san zancen."