GARGAƊI: Naira 885,000 na biya, jabun Bach Stradivarius aka turo min Sakkwato

Jama'a, musamman 'yan'uwana mabusa, na badujala da na makarantu da na coci da masu zuwa biki, ku tsaya ku karanta kafin ku tura wa kowa ko sisi. An damfare ni naira 885,000 a kan tirampet. Ba 85,000 ba, 885,000. Har yanzu in na buɗe wayata na ga alat ɗin sai in ji kaina ya sara.

Kuma tun kafin masu iya magana su fara zuwa min da "araha ba ta ado", ku saurara. Ni ba yau na fara busa ba. Tun ina sakandare nake riƙe da ƙarfen nan, yanzu kuma ni nake koya wa yara. Duk wanda ya taɓa tsayawa fareti a Filin Kangiwa ran 1 ga Oktoba ko ran 27 ga Mayu ya ji busata, ko bai san fuskata ba. Ba wai na ga hoto a Facebook na haukace na tura kuɗi ba. Bincike na yi, na wata da watanni.

Tsohon abin busata Yamaha ne, YTR-2330, na 'yan koyo. Bai taɓa ba ni kunya ba, amma yana da iyaka: in ka haura sama a fili, ga iska ga ganguna, sai muryar ta sirance. Shi ya sa na zauna na auna manyan. Yamaha Xeno, wato YTR-8335, kowa ya shaida aikinsu ɗaya ne, in ka busa wannan kamar ka busa wancan, bawul ɗinsu, wato maɓallan nan uku da ake dannawa da yatsa, kuma lafiya lau. Schilke na Amurka ba shi da nauyi, muryarsa tana da kaifi, masu son hawa sama suna yabonsa. Getzen an san su da kyan bawul. Amma ni raina a kan Bach Stradivarius yake, lamba 37, mai ruwan azurfa, wanda suke rubutawa 180S37. Muryarsa kauri gare ta, tana cika fili ba tare da ka fasa leɓe ba. Na san ana cewa Bach sai ka busa da bakinka, don biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta. Na sani sarai. To ku gaya min, a wane shago a Sakkwato zan shiga a jera min Bach uku in gwada? Tsohuwar Kasuwa ko Sabuwa? Sabo kuwa ya haura dala 3,000, ku buga da canjin yau ku gani.

Mutumin da ya damfare ni ya ce shi gwanjon kayan kiɗa yake shigowa da su daga Amurka ta Kwatano, yana zaune a Legas. Bahaushe ne, ko in ce yana jin Hausa kamar ni. 850,000 ya ce, bayan mun sha ciniki. Kuma bai ce sabo ba ne! Wannan nake so ku riƙe. Da ya ce min sabo dal a 850,000 da tuni na kashe waya. Cewa ya yi tsoho ne, an sha aiki da shi, azurfar ta goge a inda hannu ke kamawa, kuma akwai 'yar lotsawa a gefen faffaɗan bakin. Ya nuna min lotsawar da yatsansa a kiran bidiyo. Wane ɓarawo ne ke nuna maka aibin kayansa?

Kiran bidiyon nan shi ne ke hana ni barci. Na ce ya kawo kyamara kusa da gidan bawul na biyu, ya kawo, ga lambar siriyal ga ML a buge, wato faɗin bututun da aka saba, inci 0.459. Na ce ya kwance bawul ɗin ya zaro fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinsa, ya zaro. Toka-toka, ba ƙyalli, irin ƙarfen Monel na gaskiya da Bach ke yin fistin da shi. Na ce ya ja bututun bawul na uku, ya tafi sumul har sandar da ke tare shi ta tsayar da shi. Na ɗana masa tarko ma, na ce a ina aka ƙera? Ya ce Elkhart, jihar Indiyana. Har ya ƙara da cewa, "Malam, in wani ya ce zai ba ka na Mount Vernon a wannan kuɗin, maƙaryaci ne. Tun wajen 1965 suka koma Elkhart, na Mount Vernon yanzu sai masu tara kayan tarihi." Kuma haka ne, a garin Mount Vernon na jihar Niyok Bach suke ƙerawa kafin Elkhart. Ya san Vincent Bach, wanda ya kafa kamfanin, da kan busa, wato abin da ake ɗora wa leɓe, ya fara a Niyok a 1918 kafin ya shiga ƙera tirampet, ya san ya sayar wa kamfanin kayan kiɗa na Selmer da kamfaninsa a 1961. Mutumin da ya san wannan, ku ce min me zan zarga?

Amma abin da ya gama da ni ba wannan ba ne. Ya nuna min wani Schilke, ya ce miliyan 1 da 300,000. Na nuna sha'awa, har na fara lissafin inda zan ranto cikon. Sai ya ce, "A'a Malam, kar ka wahalar da kanka. Aikinka fareti ne da biki, Bach ɗin ya ishe ka. Ka bar wa iyali sauran." Ka bar wa iyali sauran. Ɗan kasuwa ya hana ka sayen mai tsada, ya tura ka ga mai sauƙi. Muna cikin magana aka kira Magariba a wajensa, ina jin ladan ta wayar, ya ce, "Bari in yi salla in kira ka, ciniki ba ya gaban salla." Kuma ya kira. A daren nan na tura 400,000 kafin alƙalami. Na sake juya wannan maganar a raina har na gaji. Ka bar wa iyali sauran. Wallahi ko wane ne a cikinku da ya tura.

Kuɗin nan ba tsinta na yi ba. Adashi na ɗauka, na haɗa da raguna biyu da na yi kiwo na sayar kafin Layya. Maiɗakina ce ta ci wahalar ragunan nan, dusa da harawa da tsananin zafin bazara, kun san zafin garin nan.

Sai cikon 450,000, bayan ya turo hoton kwali a tasha an rubuta sunana da Sakkwato da alƙalamin maka. A'a, tsaya. Kafin wannan akwai 35,000, wai kuɗin webil da na jami'an hanya. Ko bayan ne? Bayan hoton kwalin ne, don na tuna ya ce direba ya ƙi ɗauka sai an biya. To 450,000 ɗin kenan ta riga. Ko ma dai yaya ne, 400,000 da 450,000 da 35,000, ku tara: 885,000. Rasit ɗin duka suna wayata da rana da lokaci, zan ɗora su. E, sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne da ke tsaron shago. Masu cewa nan ya kamata in farga, 'yan kasuwa nawa ne a garin nan kuke tura wa kuɗi ta asusun yaronsu ko na mai POS ɗin ƙofar shago? Kullum muna yi.

Kaya sun zo, wannan ne ma abin takaicin. Da bai turo komai ba da na san ɓarawo ne kawai. Na je tasha na karɓa, direba bai san komai ba, kwali aka ba shi. Ina buɗe akwatin warin gam ya buge ni. Ga abu yana ta sheƙi, fes, ko ƙwarzane babu. Na juya bakin ina neman lotsawar nan da ya nuna min da yatsa. Babu. Inda ya ce azurfa ta goge, babu. Na kira shi nan take, ya ɗauka yana dariya, wai "Na sa an gyara maka an wanke, Malam, kyauta ce daga gare ni." Har godiya na yi masa. Godiya!

Na sa kan busata mai lamba 3C, na hura. Muryar fayau, ba jiki, tsohon Yamaha na 'yan koyo ya fi shi nesa ba kusa ba. Bawul na biyu yana maƙalewa, na zuba mai, ya ci gaba da maƙalewa. Bututun na uku kuwa sai ka sa ƙarfi biyu kafin ya motsa, kuma duk mabushi ya san in bai ja ba, sautin D da C shaf na ƙasa sun tashi daga layi kenan. Na duba lambar siriyal na gwada da hoton da na ɗauka lokacin kiran bidiyo. Ba ita ba ce. Ko kusa.

Na ɗauka na tafi Mabera wurin maigidana, tsohon sajan na badujala wanda ya koya min riƙe ƙarfe. Bai ma busa ba. Ya kwance murfin bawul, zaren yana cijewa, ya zaro fistin ya ɗaga a rana. Yana walƙiya kamar cokalin amarya. Ya sa farce ya kankara gefen ramin, sai ga fenti yana tashi, tagulla ja a ƙasa. Ya nuna min liƙin dalma a jikin sandunan da ke riƙe bututu, guda-guda, ba a ko goge ba. Ya shafa rubutun da ke jikin bakin, sama-sama, bai shiga ƙarfen ba. Ya miƙo min ya ce, "Ɗana, wanga ba Bach ba na. Kuɗɗi nawa ka ba su?" Na ce, Baba, 885,000. Ya yi salati ya sake tambaya, na sake faɗa.

Na manta ban faɗa ba, tun a hanyar Mabera na kira lambar, a kashe. WhatsApp ya toshe ni. Shafin da yake tallar kayan ya ɓace, ko ya canza suna. Kai, ina ga ma tun daren da na yi masa godiyar nan ya toshe ni, don saƙon da na tura da safe layi ɗaya ya tsaya.

Ga yadda suke yi, don na gano daga baya. Suna da na gaskiya guda ɗaya, shi ne na nunawa a bidiyo. Shi za ka gani, shi za a kwance maka, shi za ka yi ciniki a kai. Abin da za a sa a mota kuwa jabu ne da aka buga wa sunan Bach. Wani ɗan'uwa mabushi daga Birnin Kebbi ya turo min hoton da aka tura masa, lotsawar nan ce dai a gefen baki, lambar siriyal ɗin ita ce dai. Shi ma an hana shi sayen Schilke, an ce ya bar wa iyali sauran. Kalma ɗaya ba a canza ba. Shi Allah ya taimake shi kuɗinsa ba su haɗu ba. Ni nawa sun haɗu, 885,000 cif.

Kamfanin Bach ba ruwansu, kayansu na gaskiya suna nan da kyansu, kuma gobe in na samu hali shi zan saya. Zaɓina daidai ne. Ɓarawo ne ya shiga tsakani.

Shawara a taƙaice: kar ku biya sai ƙarfe yana hannunku, ko hannun wanda kuka sani a garin da kayan suke. Ku zaro fistin, ku gwada siriyal, ku busa. Bidiyo ba shaida ba ne.

Na kai ƙara, na kuma rubuta wa banki. An ce kar in saki lambarsa da sunan asusun tukuna, shi ya sa ba ku gan su ba, ba tsoro ba ne. Hotunan hirarmu da rasit uku da hoton fistin ɗin da ya ɓare zan ɗora su anjima in na rufe abin da ya kamata a rufe, har da muryarsa inda yake cewa in bar wa iyali sauran. Duk wanda aka taɓa nuna wa Bach 37 mai lotsawa a gefen baki, ko ka tura kuɗi ko ba ka tura ba, ka yi min magana ta akwatin saƙo yau. Ƙarshen wata zubin adashi na jirana, kuma masu adashi ba ruwansu da Elkhart.