Dashen gwiwar roba ga mai amosanin gaɓɓai: abin da aikin ke iya yi

Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsi har gwiwa ta sandare, wannan tiyata tana rage ciwo sosai. Cikin awa 1 zuwa 2 likita zai sassabe bakin ƙasusuwan, ya manna ƙarfe sama da ƙasa da simintin ƙashi, ya sa roba mai tauri a tsakani. Yawanci takan kai shekara 15 zuwa 20.

Sai dai gwiwar da ta daɗe a sandare ba ta lanƙwasuwa kamar ta kowa bayan aikin. Tsugunno da zaman tahiya sukan gagara, mutane da yawa a kan kujera suke salla. A gaya wa majinyaci wannan tun farko.

Ƙashin mai wannan cuta ba shi da ƙwari, yana iya tsagewa lokacin aiki. Magungunan da ke danne garkuwar jiki kuma suna ƙara haɗarin ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake dakatar da wasunsu kafin tiyata. Cutar tana iya taɓa ƙashin wuya ma, don haka a ɗauki hotonsa kafin a sa maganin barci.

Gashin ƙashi, wato atisayen motsa gwiwa bayan tiyata, shi ne rabin aikin. In an kai mako 6 gwiwa ba ta lanƙwasa digiri 90 ba, a koma wurin likita da wuri.