Wace tarakta za ka iya gyarawa a ƙofar gidanka?

Mai shirin sayen tarakta a ƙasar Damagaram, kafin ya tambayi ƙarfin dokinta, gara ya tambayi wa zai kwance ta ran da ta mutu a tsakiyar gona. Daminarmu wata uku ce da ƴan kai. In tarakta ta yi mako biyu a kwance bayan ruwan shuka tana jiran kaya, kuɗin hayar bana sun tafi ke nan.

Wadda makanikanmu suka fi sani ita ce jar Massey Ferguson, irin su 265, 290 da 375. Injin Perkins mai silinda huɗu ne a cikinsu, kuma famfon da ke tura mai ba ruwansa da lantarki. Ana samun tsohuwar Turai, ana kuma samun sabuwa ƙirar Pakistan, wadda kamfanin Millat ke haɗawa a Lahore. Tsohuwar ta fi sauƙin kuɗi, amma ba ka san wahalar da ta sha a hannun wani ba. Duka biyun, abin da ka rasa a Zinder za ka same shi a Ƙofar Ruwa a Kano, ta hanyar Matamaye da Daura. Sai dai wanda ya ga yadda rufe iyaka na 2023 ya tsayar da kaya ba zai dogara da wannan hanya kaɗai ba.

Amfanin irin wannan inji yana fitowa ne ran da mai ya ƙare ka ƙara, ta ƙi tashi. Iska ce ta shiga layi. Ka sassauta kusar da ke kan filta, ka dinga danna ɗan hannun famfon da ke jikin inji har kumfa ta ƙare, mai zalla ya fito, ka ɗaure. Ka yi haka a jikin babban famfon da ke tura mai, sannan ka sassauta bututun nozul biyu (nozul shi ne bakin da ke fesa mai cikin silinda) ka murza makulli har su fara tsartuwa. Sifana biyu da tsumma sun isa. Kada dai ka tara hannu wurin tsartuwar, don man yana iya huda fata. Shi kuwa cikin babban famfon, a bar wa masu injin gwaji.

Sababbin taraktoci masu kwamfuta sun fi tsimin mai, ba su da hayaƙi, zaman cikinsu ma da daɗi. Amma ƙarfin da suke tura mai da shi ya haura bar 1,500 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), don haka ɗan ruwa ko rairayi kaɗan ya isa ya kashe nozul, kuma kafin a gane ciwon sai an kawo mai na'urar karantawa. Tun 2011 da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki ana samun gazuwal mai kyau a gidan mai, amma daga gidan mai zuwa gona a jarka yake tafiya, wani lokaci ma na bumburutu ne. Ni dai ba zan ba manomi mai tarakta ɗaya shawarar sayen irinsu ba, sai in mai sayarwar yana da makanike da kaya a kusa.

Akwai kuma ƙaramar nan ta China mai ƙafa biyu, wadda ake bi a baya, mai doki 12 zuwa 15. Injinta mai silinda ɗaya ɗan'uwan injin niƙa ne, da hannu ake tayar da shi, kuma duk ƙauyen da ake niƙa akwai wanda ya san cikinsa. Ga mai lambu a Mirya ko mai rake a fadamun Korama ta wadatar, har da jan tirela da famfon ban ruwa. Aibinta girgiza, kullum sai ka bi kusoshi ka ɗaure, bel kuma yana ci. In kuwa gonarka jigawa ce tsantsa, ka sake lissafi tun daga tushe: haro mai zurfi yana sakin ƙasa iska ta kwashe, garmar shanu kuma ba ta shan gazuwal.

Ran duba tsohuwar tarakta, ka je da sassafe ka taɓa injin. In ka ji shi da ɗumi, an riga ka tayar da shi, ka ce za ka dawo gobe. Ka tsaya ka kalli salansa. Baƙin hayaƙi yawanci filtar iska ce ko nozul, abin da sauƙi. Shuɗi kuwa baƙin mai take sha, ringi sun gaji, sai an sauke inji. Fari mai kamar tururi wanda ya ƙi yankewa, ga kumfa tana tasowa a bakin lagireto, gaskit ɗin kai ne ya ƙone. Buɗe murfin baƙin mai tana aiki. In tana huci da ƙarfi ta nan, a rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Sannan a ɗaura mata haro a ɗaga, a kashe inji. In ya sulale ƙasa nan take, akwai aiki a hidrolik. Sabon fenti kada ya ɗauke maka ido daga tayoyin baya, don kuɗinsu ba wasa ba ne.

Filtar iska ma abin tambaya ce a garin da hunturu ke cika da ƙura. Mai kwanon baƙin mai, wankewa kawai za ka yi ka zuba sabo. Ta takarda ta fi tacewa, amma saye ake yi, kuma in ta huje garin bugawa ƙura ta samu ƙofa.

Kowace ka tsayar, ka ware kuɗin filtar mai biyu, bel, tiyon lagireto da mazurari mai rariya a cikin cinikin, ka ajiye su tun watan Mayu.