Shekara huɗu ina karatun digiri ta intanet daga Gusau: irin tallafin da na samu

Ni malamar firamare ce a Gusau, kuma na shekara goma sha huɗu ina koyarwa da takardar shaidar malanta ta NCE kafin na ƙudiri aniyar neman digiri. Shekarata 39 a lokacin, ga yara biyar, ga surukata da take hannuna, saboda haka zancen in haɗa kaya in koma ɗakin kwanan ɗalibai bai ma taso ba. Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a wurin malamai irina, domin da yawa daga cikin magabatanmu a aiki sun sami takardunsu ne ta Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ma tun 1983 aka kafa ta a zamanin Shehu Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sai a mulkin Obasanjo aka farfaɗo da ita. A yau jami'o'i da dama suna da sashen karatu daga nesa da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da shi. Ɗaya daga cikinsu na shiga a farkon 2021, aka sa ni a aji biyu saboda takardata. Ba zan kama sunanta ba, tunda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Takardar da aka ba mu lokacin rajista ta yi alkawarin abubuwa masu daɗin ji: taron wayar da kan sababbin ɗalibai, teburin taimako ga wanda shafinsa ya sami matsala, laburare na intanet, darussan kai tsaye ta Zoom, da jami'in ba da shawara ga kowane rukuni. Taron wayar da kan bai amfane ni da komai ba. An yi shi ne ranar Talata da ƙarfe goma na safe, lokacin da nake tsaye gaban yara fiye da saba'in, kuma bidiyon da aka ajiye daga baya ya kai awa biyu, wanda data ɗina na mako guda ba zai ɗauke shi ba. Nan na fara lura cewa wanda ya tsara waɗannan abubuwa yana hango matashi ne mai kwamfuta da wutar lantarki da lokacinsa a hannunsa, alhali mafi yawanmu a rukunina malamai ne da ma'aikatan jinya da 'yan sanda, kowa da wayarsa ƙwaya ɗaya.

Teburin taimako shi ne ya fi ba ni wahala. A zangon farko na biya kuɗin kwasa-kwasai a banki, kuɗin ya fita, amma shafina ya ci gaba da nuna cewa ana bi na bashi. Na rubuta saƙo sau uku, kowane lokaci amsa iri ɗaya take dawowa cewa an karɓi kokena, lambar wayar da aka bayar kuwa tana ta ringin ba mai ɗauka. Kwana goma sha shida aka ɗauka kafin a gyara, kuma a tsakanin nan jinga guda ta wuce ni. Ga wanda bai san tsarin ba, jinga tana da nata kaso a makin ƙarshe, don haka wanda ya rasa ta ya shiga jarrabawa da gurguwar ƙafa. Daga baya aikin teburin ya gyaru ƙwarai, har ana amsawa cikin kwana biyu, kuma adalci ne in faɗi hakan.

Littattafan kwas, a gefe guda, ba ni da abin cewa a kansu sai alheri. An rubuta su da Turanci mai sauƙi, an yanka su kashi-kashi, kowane kashi da tambayoyin gwada kai a ƙarshensa, ta yadda mace za ta iya gama guda tsakanin sallar isha'i da lokacin da barci zai rinjaye ta. Nakan sauke su cikin dare lokacin da data ke da araha, in kai wani shago a Tudun Wada a buga mini a takarda, domin idona ba ya jure ƙananan baƙaƙe a fuskar waya. Laburaren intanet kuwa na shekara biyu ban leƙa shi ba, saboda babu wanda ya nuna mini yadda ake neman abu a cikinsa, sai da aikin kundin bincike ya tilasta mini.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne jami'ar ba da shawara, wata dattijuwa da ban taɓa gani ido da ido ba sai a shekarata ta ƙarshe. A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba intanet, kuma ni ina da jinga uku da za a rufe kafin ƙarshen watan. Na yi mako biyu ina duba waya kamar wani abu zai canja, har babbar 'yata ta ce, "Inna, ki ajiye ta ki huta, ko kin hau rufin ɗaki ba za ta kama ba." Daga ƙarshe maigida ya amince ya raka ni Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200 ta Bunguɗu da Maru da Talata Mafara, a lokacin da kowa ke bin hanyar da addu'a a bakinsa. Muna shiga gari wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, kuma a cikin saƙonnin da suka shigo akwai guda huɗu daga wannan baiwar Allah, tana tambayar ko muna lafiya.

Na kira ta daga tsakar gidan ƙanwata, ina zaune a kan tabarma da littattafai a cinya, na soma ba ta haƙuri a kan jingar da ban yi ba. Ta katse ni ta ce, "Malama, bar zancen jinga tukuna. Yaya yara, yaya maigida?" Sannan ta shaida mini cewa ta riga ta tattara sunayen ɗalibanta na Zamfara ta miƙa wa sashenmu tana neman a ƙara mana lokaci. Ta kuma faɗa mini wani abu da ban taɓa sani ba, wato ɗalibi yana da damar ya nemi a jinkirta masa zango guda ba tare da an lissafa masa faɗuwa ba, muddin ya cika takardar kafin jarrabawa. Wannan doka tana cikin littafin ƙa'idojin ɗalibai, can wajen ƙarshe, inda babu mai kaiwa. Na san mutum biyu a rukuninmu da suka watsar da karatun a wannan watan, kuma ina kyautata zaton da sun ji wannan magana da sun tsaya. Layin Gusau ya dawo a farkon Oktoba, amma abokan karatunmu na ƙananan hukumomi sun daɗe bayanmu suna cikin duhu.

Ni ban jinkirta zangon ba a lokacin, sai a 2023 da surukata ta kwanta jinya, ga shi an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa ya ninka. Jami'ar ba da shawarar nan ce dai ta zauna da ni a waya kusan rabin awa tana lissafa mini kwasa-kwasan da suka rage, ta ba ni shawara in rage nauyin da nake ɗauka a kowane zango, ko da hakan zai ƙara mini shekara. Na ji zafin shawarar a ranar, domin ina ƙirga watannin da zan kai takardar ofishin ilimi, amma da ita na gama ba tare da maimaita kwas ko ɗaya ba. Aibin kawai shi ne ita kaɗai ce a kan ɗalibai masu ɗimbin yawa, kuma a makon rajista samunta sai an dace.

Darussan Zoom sun danganta da malami. Wanda ya koyar da mu hanyoyin bincike ya mayar da darasinsa ranar Asabar bayan la'asar, yana kuma ajiye muryarsa zalla a ƙaramin fayil, ni kuwa in saurara ina tuƙa tuwo. Wasu kuma sai su shigo su karanta abin da ke cikin littafi su fita. Giɓin da suka bari zauren WhatsApp da mu ɗalibai muka buɗe wa kanmu ne ya cike shi, duk da cewa a can ma sai an yi hattara da masu tallar amsoshin jinga da masu cewa a ba su kuɗi su rubuta wa mutum kundi.

Da aka turo mana takardar jin ra'ayi bayan jarrabawar ƙarshe, abubuwa uku na roƙa: a ƙara yawan masu ba da shawara, a mayar da taron sababbin ɗalibai ƙarshen mako, a kuma ɗauko dokar jinkirta zango a sa ta a shafin farko. Wata abokiyar aikina da ke koyar da aji huɗu ta yi rajista a bana, kuma kafin ta biya ko sisi sai da na sa ta tabbatar da cewa hukuma ta amince da kwas ɗin da take so, sannan na rubuta mata lambar ofishin ba da shawara a bangon littafinta.